Ambulan Da Ba A Zana Wa Rana Ba

Ranar Alhamis da hantsi, a cikin farin shekarar tamanin da huɗu, likitan wani asibiti da ke ƙasar Isa ya aika caji ofis a kira masa Sufeto Jibrilla.

Mutuwa ba labari ba ce a wannan shekara. Damina biyu ke nan gero na ƙonewa tun bai kai gwiwa ba, shanu na zubewa a bakin rijiya, mutane kuma na cin tafasa da dusa. Don haka da aka ce likita na neman ɗan sanda a kan gawa, Sufeto ya san ba yunwa kaɗai ta yi aikin ba.

Ya tarar da gawar a lulluɓe. Likita ya ɗaga mayafin. Magidanci ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa.

"Sunansa Labbo, daga wani ƙauye bayan Kamarawa," in ji likita. "Ni na duba shi ranar Litinin, zazzaɓi ne da atini. Yau da safe aka dawo da shi a sume, jikinsa sharkaf da gumi. Kafin mu yi wani abu ya cika. Ga abin da uwarsa ta ce yana sha."

Ya miƙo wata ƙaramar ambulan ta magani. Saura ƙwaya shida a ciki.

"Wannan maganin masu ciwon sukari ne. Mai ƙoshi ma in ba shi da ciwon, wahala zai sha, balle wanda ke cin abinci sau ɗaya a yini. Ka duba sunan da ke jiki."

Sufeto ya duba. An rubuta Alhaji Maliki.

Shugaban ɗakin magani shi ne Malam Kalilu, kuma babu wanda bai san shi ba. Shekara biyu da kawo shi daga Sabon Birni, ya bar iyalinsa can yana zuwa musu ranar Juma'a. Dogo ne, rigarsa fara sol, takalminsa baƙi yana sheƙi ko a ranar da ruwan sha ya gagara. Kafin zuwansa, a takardar jarida ake ƙunsa wa mutane ƙwaya a cilla musu ta taga. Shi ya hana. Ya taɓa korar ma'aikaci a kan kwalba ɗaya da ba a liƙa wa suna ba, har ma'aikata suka sa masa Alƙali a bayan idonsa.

Sufeto na ganin girmansa ƙwarai. Da ya shiga ma sai da ya cire hularsa ta aiki.

"Malam, mi ne ƙa'idarku ta ba da magani?"

Malam Kalilu ya nuna wani allo da ke rataye a bango. "Ukku ta. A karanta sunan da ke ga ambulan da ƙarhi, mai karɓa shi amsa. A zuba ƙwaya ga tahin hannu a nuna mashi. A zana mashi rana ga bayan ambulan, don mutanenmu ba su karatu. Rana guda, sau guda ke nan. Rana ukku, sahe da rana da marece."

"To rubutun wa na wanga?"

Malam Kalilu ya daɗe yana kallon ambulan ɗin, bai taɓa ta ba.

"Rubutun Fatsuma na," ya ce. "Ita ka tsayi ga taga."

"Ita tab ba da shi ke nan?"

"Rubutunta na, Sufeto. Ƙa'ida kuwa kowa ya san ta."

Sufeto bai ƙara tambaya ba, abin da daga baya ya yi ta cizon yatsa a kai. Kafin azahar an sa Fatsuma a bayan mota, aka ce ranar Litinin za a gurfanar da ita a kotu kan sakacin da ya jawo asarar rai.

Fatsuma disfensa ce, ta haura shekara arba'in, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Shekararta sha tara a bakin wannan taga. Washegari da Sufeto ya sa aka fito da ita, idanunta sun kumbura.

"Ke kinka rubuta wanga?"

"Ni ta, ranka shi daɗe. Ni ka haɗa magani da sahe in jera bisa tebur, kowace ambulan kan katinta."

"Kin tuna tsohuwar da ta amshi na Labbo?"

"Mutum ya hi ɗari biyu ran nan. Na tuna wata tsohuwa ta ba ni kati da sahe, nic ce ta jira layi. Miƙa mata ne ban tuna ba. Ina ta ƙoƙari in tuna."

"In kinka kira suna, tsohuwa ba ta amsa ba hwa? Labbo ɗanta na hwari ne."

"Wannan mun saba. Wadda ba ta hwaɗin sunan ɗan hwari ko na mijinta, ni ka hwaɗi, ita ta ɗaga kai. Malam da kai nai ya koya muna hakanan."

Sufeto ya juya ambulan ɗin yana wasa da ita a hannu, sai idonsa ya faɗa a bayanta. Fari fat. Babu rana ko ɗaya.

"Kina mance zana rana?"

Karo na farko ke nan da ta ɗago kai ta dube shi. "Ko barci nike, hannuna ya zana ta. Shekara biyu ke nan."

"Kin bar taga ran Litinin?"

"A'a."

"Ko sau guda?"

"Ban bar ta ba, ranka shi daɗe."

Ta faɗa da sauri fiye da kima. Sufeto ya yi shekara ashirin yana jin ƙarya iri-iri, ya san ta mai laifi, ya san ta mai jin kunya, amma wannan bai iya raba ta ba. Ya sa aka mayar da ita.

Ranar Asabar ya hau babur ya nufi ƙauyen su Labbo. Hanya duk gonaki ne da ba a ko yi wahalar girbe su ba. A ƙofar gidan ya tarar da 'yan zaman makoki ba su fi bakwai ba, sauran mazan garin duk sun tafi cin rani tun kafin lokacinsa.

Ya yi ta'aziyya, aka yi masa iso wurin uwar mamacin. Sunanta Tani, tsohuwa ce ƙanƙanuwa, tana zaune a kan tabarmar kaba da carbi a hannu.

"Inna, Allah shi jiƙan shi. Wa yab ba ki maganin nan?"

"Macen da ke ga taga."

"Ta kira suna?"

"Ta kira."

"Ta nuna maki yadda za a sha?"

Tani ta ce, "Na ga mutane na shan bibbiyu sau ukku. Hakanan nib ba shi. Da hannuna nib ba shi, ɗan nan. Yana cewa Inna jiri nike ji, ina cewa daure, magani na ka aiki."

Muryarta ta karye. Sufeto ya jira har ta share ido.

"Yaushe kunka baro asibiti?"

"Da azahar. Motar kasuwar Bafarawa munka samu, ita kaɗai ta rage."

Nan Sufeto ya gyara zama. Ya tambayi ma'aikata tun jiya, sun ce masa duk wanda ya ba da kati da hantsi ranar Litinin bai kai bakin taga ba sai bayan la'asar. Yaya aka yi tsohuwa mai majinyaci ta tsallake mutum ɗari?

"Inna, kin san babban ɗakin maganin? Malam Kalilu?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya kai wajen bango.

"Ban san mutanen asibiti ba," ta ce.

Sufeto ɗan Kurawa ne, a cikin wannan al'ada ya tashi. Ya san yadda mace ke yi in an kira sunan baƙo, ya kuma san yadda take yi in an kira sunan da bai kamata a kira a gabanta ba. Bai matsa mata ba. Ya yi sallama ya fito.

A waje ya tsaya wajen wani dattijo maƙwabcinsu yana ɗaure igiyar takalmi.

"Baba, marigayi na da 'yan'uwa?"

"Ƙanwa guda, Saude. Tana aure Sabon Birni. Ai mijinta na ka riƙe da gidan ga. Ba don buhun dawa da shike aikowa ba, da tuni an rufe ƙofar nan. Ma'aikacin asibiti na, an ce."

Sufeto ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Ya yi godiya ya tada babur.

Bai wuce ko'ina ba sai caji ofis. Ya sa aka sake fito da Fatsuma.

"Tambaya guda za ni yi maki, kuma ranki na bisa amsar. Ina kike da azahar ran Litinin?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye suka fara ɗiga a kan zanenta.

"An kawo masarar agaji ga hilin makaranta," ta ce a hankali. "Anka ce kwano bibbiyu. Na ce ma Malam za ni salla. Na saɓa mayahi na rufe huska na shiga layi da mabarata. Ni da ka ɗaukar albashi, ranka shi daɗe. Yaran nan kwana biyu kunun dusa suka sha. Na hi son a ce na kashe mutum bisa kuskure da a ce an gan ni can."

"Kin daɗe?"

"Kamar awa guda."

"Wa kinka bar ma ɗaki?"

"Malam. Amma rufe taga shike in na hita. Bai ba da magani sai ina nan mu zama biyu."

"Da kinka dawo, kin ga wani abu?"

Ta yi tunani. "Alhaji Maliki yaz zo da la'asar, na nemi ambulan tai ban gani ba. Nic ce ko ta hwaɗi ƙasa an share. Na sake haɗa mashi wata."

"To ta Labbo hwa? Wadda kinka haɗa mashi ta gaskiya. In ba a ba shi ba, ai tana nan."

Fatsuma ta ɗago kai ta dube shi. Ba ta taɓa tunanin wannan ba.

Ranar Lahadi ɗakin magani a rufe yake. Sufeto ya zagaya bayansa, inda wata ƙaramar ƙofa take da ake shigo da kwalaye. Daura da ita akwai bishiyar dogonyaro, a gindinta kuma Bawa mai gadi, tsohon soja, wanda in ya fara labarin yaƙi sai an yi sallar la'asar a makare.

"Saje, ana ba da magani ta ƙofar ga?"

"Haba! Wa? Alƙali shi yanka mutum."

"Ran Litinin da azahar kana nan?"

"Ina za ni? Nan nike ina jiƙa garin rogo." Bawa ya yi dariya. "Kai, ran nan na ga abin mamaki. Shekara biyu ban taɓa ganin ƙahwar Malam ba. Har cewa nike da takalmi anka haihe shi. Sai ga wata tsohuwa ta zagayo ta yi sallama. Wallahi yana leƙowa yag gan ta, sai yat tuɓe takalmi, yad durƙusa nan bisa ƙasa da hwarar riga tai. Kai nai ƙasa. Ita kuma ta ba shi baya tana magana da bango."

"Sai me?"

"Yash shiga, ko minti bai yi ba yah hito, yam miƙa mata wani abu da hannu biyu, yana kallon gehe. Tat tahi. Nic ce lalle wagga suruka ta."

"Don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Wa yat tambaye ni? Kuma gaida suruka laihi na?"

Kunya ce ta kama Sufeto, shi kansa. Kwana uku mace na kwance a bayan kanta, alhali amsar na zaune a gindin bishiya tana shan garin rogo.

Litinin da sassafe, kafin a buɗe taga, ya shiga ɗakin magani. Layi har ya kai bakin ƙofar asibiti. Malam Kalilu na tsaye shi kaɗai yana jera ambulan a kan kati. Ya faɗa sosai a 'yan kwanakin nan, rigar ta yi masa yawa.

Wannan karon Sufeto bai cire hula ba.

"Malam, ƙarhe goma za a kai Fatsuma kotu."

"Na ji."

"Ka je ta'aziyyar Labbo?"

Hannun Malam Kalilu ya tsaya a kan wata ambulan.

"Ba ka hwaɗa ma likita ba wan matarka na. Ba ka hwaɗa mani ba. Tsohuwa ta ce ba ta san ka ba, don ɗiyarta na gidanka, kuma dawarka suka ci. Fatsuma ta ce ba ta bar taga ba. Kowa ya yi mani ƙarya, amma kowa na san dalili nai. Saura kai." Ya ajiye ambulan ɗin Alhaji Maliki a kan tebur, bayanta a sama. "Ina ta Labbo?"

Malam Kalilu ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa ya fito da wata ambulan da ta yi laushi don gumi. Ya ajiye ta kusa da ɗayar. Ƙwayoyin na nan cif, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ya zauna a kan wani kwali.

"Ta ce mota za ta tashi," ya fara, muryarsa can ƙasa. "Shekara sha biyu da aurena ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ga ta tsaye cikin rana saboda ni. Na shigo, na ga katin Labbo, na ɗauki ambulan da ke kusa da shi. Ban karanta ba. Ƙaƙa za ni tsai da ita in kira sunan ɗanta na hwari gaban idonta? Ƙaƙa za ni zuba ƙwaya ga hannu in ce mata Inna duba nan, in tsaya ina koya mata kamar yarinya? So nike ta tahi in samu in numfasa. Na yi ma mutum dubu wanga karatu, Sufeto. Na kori mutum saboda shi."

"Kuskure na wanga. Alƙalin kotu na iya jin shi. Yaushe ka gane?"

Malam Kalilu ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ran nan da marece. Ina rufe ɗaki nig ga ta Labbo bisa tebur."

"Litinin? Shi kuwa Alhamis ya cika."

"Nic ce gobe. Talata aiki yay yi yawa, nic ce ƙwaya kaɗan ba ta kisa. Na san ƙarya nike ma kaina, na san ba shi cin abinci. Laraba da la'asar na hau babur har bakin garinsu. Na hango ta zaune ƙohwar gida cikin mata. Sai in tahi in durƙusa gaban su duka in ce Inna, ni da kuke alhwahari da ni, guba nib ba ki? Na tsaya bayan wata bishiya har ƙahwata ta gaji. Nic ce bari in dawo da sahe in ba kowa. Taki hamsin ya rage tsakanina da shi. Yana da rai lokacin."

Sufeto ya ga masu kisa da wuƙa, ya ga masu kisa da sanda, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Haushi yake ji, da tausayi, ya rasa wanne ya fi.

"Fatsuma hwa? Ita mi ta yi maka?"

"Ban ce ita ta ba da shi ba. Cewa niy yi rubutunta na."

"Ka san abin da za ni ji."

"Na sani," in ji Malam Kalilu.

Ya tashi ya cire farar rigar ya ninke ta. Ya roƙi a kira likita ya ba shi makullin kabad ɗin magunguna masu haɗari, ya ce kada a buɗe taga sai an sami mutum biyu. Sufeto bai sa masa ankwa ba. Suka ratsa ta cikin masu layi, wasu na gaishe shi suna Allah shi ƙara girma, shi kuwa idonsa na kan ƙasa.

A caji ofis an riga an fito da Fatsuma tana zaune a kan benci, ana jiran motar kotu. Sufeto ya tsaya a gabanta.

"Ba inda za ki sai gida," ya ce. "Ba ke ba ta. Ni ma na yi maki laihi, na yi gaugawa. Ki yahe mani."

Ba ta fahimta ba sai da ta ga wanda ke tsaye a bayansa, ba riga fara, ɗan sanda na riƙe da gwiwar hannunsa. Ta miƙe a hankali, don girmamawar shekara biyu ba ta fita a jiki lokaci guda.

"Fatsuma," in ji Malam Kalilu, "ni nib ba da shi. Ki gahwarce ni."

Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, kwana huɗu ina cikin ɗakin can ina neman huskar tsohuwar nan cikin kaina. Jiya na same ta. Na gan ni ina miƙa mata, har na ga hannunta. Na yi kuka, na roƙi Allah gahwara, na shirya in hwaɗa ma alƙali ni na kashe shi." Ta gyara mayafinta. "Don an ce mani kai kac ce. Ni kuwa ban taɓa jin ka yi ƙarya ba."

Fatsuma ta ɗauki takalmanta a ƙarƙashin benci ta fita neman 'ya'yanta. Wani kofur ya buɗe ɗakin da ta kwana huɗu a ciki, ya ce wa Malam ya shiga.